Matar Mai Fito

Ma'u na tsugune gaban murhu tana tura itace ƙarƙashin duron da take turara shinkafa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, sai ga surukarta Iya Kulu ta fito daga ɗaki tana dogara sanda tana fifita da gefen mayafi.

"Ke Ma'u, shinkafa kike turarawa ko mu? Kin mai da ni kifin banda da raina!"

"Itacen ne ɗanye, Iya. Sannu."

Tsohuwa ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta yi gyaran murya irin wadda Ma'u ta riga ta san abin da ke biye da ita. "Abdulganiyyu ya sake aikowa. Ya ce mutanen Guri sun dame shi a kan maganar yaron nan Tasi'u. Shi dai a matsayinsa na baffan yarinya ya yi bincike, bai ga aibu ba. Bakinki kawai yake jira."

Ma'u ba ta ɗago ba. Jannatu kuwa, wadda ake maganar a kanta, tana can gefe tana baza shinkafa a kan tabarma da mara, amma kunnenta duka biyu suna nan wajen murhu.

"Iya, a gaya wa 'yar nan ta cire ranta. Ta kawo malamin makaranta, ta kawo tela, ko mai faci ne ta kawo, zan sa albarka. Amma ban da mai fito."

Taku kaɗan ne tsakaninta da 'yar tata, amma sai ta bi ta bakin Iya. Jannatu ce 'yar fari, Ma'u kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa zama da ita hira ba, sai dai "'yar nan" ko "waccan". Haka ta taso ta ga ana yi a gidansu a Malam Madori, haka ta zo da abinta.

Mijinta marigayi Haruna shi ne bai san wannan ba. Shi kam tun daga zaure yake kwaɗa kira, "Ina Jannatuna?" Ya saɓa ta a wuya ya ratsa kasuwar kifi da ita, abokansa na yi masa tsiya wai ya zubar wa iyaye maza da girma, shi kuwa yana washe baki. Mai fito ne, yana haye da manoma da buhunansu zuwa fadama, in ruwa ya ja baya kuma ya koma kamun kifi. Mutum ne mai yawan dariya da saurin yafiya, wanda in ya shigo gida sai ka ɗauka mutum biyar ne suka shigo. Bai kai hamsin ba, ko furfurar kirki bai yi ba, shekarar da ruwa ya ɓalle jinga ya shanye ƙauyuka. Ya wuni yana kwaso mutane, ya koma ɗauko wasu da suka rage, ciyawar kachala ta riƙe kwalekwalen, igiyar ruwa ta kifar da shi. Sai washegari aka same shi.

Tun daga ranar gidan ya yi shiru, wanda ya fi kowa jin shirun kuwa Jannatu ce. Wanda yake kiran sunanta da daɗi ya tafi, wadda ta rage kuma ba ta kira.

Ana haka ne Tasi'u ya ɓullo. Ya yi difloma a Haɗeja, ya gaji da yawon neman aiki, ya koma sana'ar gidansu, ya ɗaura wa kwalekwale inji. Yaro ne mai ladabi, ga shi da barkwanci, har Ma'u kan ji dariyar Jannatu daga zaure in ya zo zance, gabanta ya faɗi, don ta san irin wannan dariyar. Ita ma ta taɓa yin ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga shi ya zo gaisuwa da wani abu ruwan goro a leda. Ya durƙusa can nesa da ƙofar ɗakin Ma'u, ita kuma ta saki labule. Iya Kulu ce ta tare shi.

"Mijin nawa, me ka kawo min? Katifa ce?"

"Laif-jaket ce, Iya, rigar da ke hana mutum nutsewa. Na kawo ne Umma ta gani da idonta. Wallahi ba na taka jirgi sai da ita, fasinja ma kowa sai ya sa. Injina sabo ne, kullum ina duba hasashen yanayi a waya, in an ce da iska ko nawa za a ba ni ba na fita."

Iya ta karɓa ta zura a kan rigarta, ta miƙe tana juyi. "To ni yanzu ko a randa na faɗa ba ruwana!"

Jannatu da ke laɓe ta tuntsire da dariya. Amma daga bayan labule muryar Ma'u ta fito a sanyaye.

"Iya, a yi masa godiya. A gaya masa shi ma mai gidan nan babu wanda ya fi shi iya ruwa a duk yankin nan."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Umma. Allah ya jiƙan Baba. Zan jira, ko zuwa yaushe ne." Ya tashi ya fita jiki a sanyaye.

Ya kuwa jira. Ruwa ya janye, aka yanke shinkafa, aka shuka alkama aka girbe, wata daminar ta sake kawo kai, yaron nan bai fasa zuwa gaisuwa ba, bai kuma taɓa zuga Jannatu ta yi wa uwarta tsaurin ido ba. Ita ma ta yi haƙuri, sai dai ta rame, idanunta suka faɗa, abinci sai an yi da gaske. Ma'u na gani, zuciyarta na ƙuna, amma duk sanda ta ji kamar ta sauko sai ta tuna yadda aka shigo da Haruna a naɗe cikin tabarma ruwa na ɗiga, sai ta ƙara ɗaure fuska. Ta gwammace 'yarta ta tsane ta da dai ta ga ranar da za ta zauna takaba da ƙuruciyarta.

Wata safiya abin ya fashe. Iya Kulu ta dawo daga gidan Abdulganiyyu da labarin cewa iyayen Tasi'u sun ce haƙurinsu ya kusa ƙarewa, za su nema masa wata a Guri, ko yana so ko ba ya so. Kwanon da ke hannun Jannatu ya suɓuce. Ta juyo ta dubi uwarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Umma, me na yi miki? Shi ke nan kin ji daɗi?"

"Iya, a gaya mata..."

"Ni ki gaya min! Ga ni a gabanki!" Hawaye suka wanke mata fuska. "Ke ba ki san yadda ake son mutum ba, shi ya sa. Ranar da aka kawo Baba kowa ya yi kuka, har maƙwabta, ke ko ɗigo ban gani ba. Tun da ya rasu ba ki taɓa zama kin ce ga abin da yake yi, ga abin da yake cewa ba. Kamar ba a taɓa yin sa a gidan nan ba! Ni kaɗai nake tuna shi, ni kaɗai!"

"Jannatu! Uwarki ce fa!" Iya ta daka mata tsawa.

Ma'u ta juya wajen surukarta. "Iya, ki ce mata..."

"Ba zan ce ba." Tsohuwa ta yunƙura ta miƙe. "Na gaji da zama 'yar aike tsakanin uwa da 'yarta. Ɗana ne ruwa ya ci, ni na haife shi, ban kuma yi gaba da kogin Allah ba. Ga ki ga ta. Ni na tafi barka." Ta ja sandarta ta fice, har da jawo ƙyauren zaure.

Ma'u ta zauna a bakin tabarmar shanya, ta juya wa 'yarta gefe, ta ɗebi shinkafa tana murzawa a tafin hannu. Da ƙyar maganar ta fito, kamar da tabarmar take yi.

"Na yi kuka. A gaban uwarsa ne ba zan yi ba, ita da ta haifa tana daurewa. A wajen murhu nake yin nawa, kowa ya ɗauka hayaƙi ne."

Jannatu ta daina shessheƙa.

"Ni 'yar tudu ce, ban san ruwa ba sai na rijiya. Biki muka zo wajen nan da ƙawayena, aka ce sai an haye. Ina sa ƙafa jirgi ya yi tangal-tangal, na kurma ihu na rungume buhun wani bawan Allah. Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya ce, 'Yarinya, kar ki dubi ruwan, ni za ki duba.' To, na dube shi." Ta ɗan murmusa, hawaye na bin kumatunta. "Har muka haye ban daina ba."

A hankali Jannatu ta matso ta zauna a ɗaya bakin tabarmar.

"Kin ga kifin nan karfasa da yake ce muku ta yi kwantai a kasuwa? Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa. Tun a jirgi yake ware mafi girma ya ɓoye, don ya san ita nake so, yana kunyar Iya ta gane. Da ina da cikinki na ƙi cin komai sai ɗanwake, shi da kansa ya shiga madafa ya rufo ƙofa kar a gan shi. Abin da ya dafa ko akuya ba za ta ci ba, na cinye tas. Bai taɓa kwana da fushina ba. In na yi fushi sai ya zauna a bakin ƙofa yana waƙa da muryar nan tasa mara daɗi har sai na ce ya yi wa Allah ya yi shiru." Ta share hawaye da gefen zani. "Ba mantawa na yi ba. In na fara maganarsa ban san inda zan tsaya ba. Kuma ke kamarsa ce sak, in na dube ki da kyau ba na iya komai ranar."

Jannatu ta kifa kanta a cinyar uwarta, wurin da rabonta da shi tun tana shan nono. Ma'u ta yi jim, hannunta a sama, sannan ta sauke shi a kan kitson yarinyar.

"Babanmu ma ƙi ya yi da farko," ta ci gaba. "Ya ce ba zai ba ɗan ruwa 'yarsa ba. Sai da aka shekara ana kai da komo, yana zuwa Malam Madori a kan keke, rana ta dake shi ya koma, kafin aka yarda. Abin da nake guje miki ke nan, ki so mutum irin haka, a wayi gari a shigo miki da shi a tabarma."

Jannatu ta ɗago da jajayen idanu. "Umma, don Allah in tambaye ki. Da a ce tun ranar nan a jirgi an gaya miki ga yadda zai ƙare, ga shekarun da za ku yi, ba ƙari, da kin aure shi?"

Ma'u ba ta tsaya tunani ba, amsar ta riga ta fita.

"Da na sani? Da na sani ai da ban yarda da shekarar nan da aka sa muka jira ba! Ita nake jin haushi har gobe. Shekara guda cur, yana raye, yana da lafiya, ni ina can yana nan..."

Sai ta farga. Ta dubi wuyan 'yarta da ya zama siriri, ta dubi ƙasusuwan da suka fito mata a kafaɗa, ta lissafa tun yaushe yaron nan yake durƙuso a ƙofar ɗakinta. Ta rufe bakinta da hannu.

"Innalillahi. Jannatu... Jannatu, ki yafe min."

Yarinyar ta ƙanƙame ta, suka yi ta kuka, irin wanda ya daɗe yana jiran su. A haka Iya Kulu ta same su, don ba wata barka da ta je, tana zaure a zaune.

Da la'asar Abdulganiyyu ya zo. Da ya ji Ma'u ta sauko ya yi hamdala, ya ce to sai a sa rana bayan kaka mai zuwa, in an sai da shinkafa an kintsa a tsanake.

"Ya yi nisa, Yaya," in ji Ma'u daga bayan labule.

"To bayan babbar salla?"

"Ya yi nisa. Abin da ya samu na kayan ɗaki a kai ta da shi, sauran ya bi ta daga baya."

Kafin wata ya zagayo aka ɗaura aure, haƙurin Tasi'u da Jannatu ya yi musu rana. Har yanzu in hadari ya haɗo ta gabas Ma'u kan ɗaga waya ta ji ko surukin nata ya fito daga ruwa, tsoro dai bai bar ta ba. Amma duk zuwan da Jannatu za ta yi gida, uwa da 'ya sukan baje a tabarma su yi ta labarin Haruna, su yi dariya su yi hawaye, su roƙa masa rahama.

Iyaye, tsoron da kuke ji wa 'ya'yanku ƙauna ce, babu mai musu, amma ajali ba ya tambayar sana'ar mutum, kuma ba mai iya tsare wani daga ranarsa. In yaro ya zo da addini da hali, kada a cinye musu kwanakinsu da jira, don ba wanda ya san nawa aka rubuta musu. Wanda kuma ya rasa masoyi ya buɗe baki ya ba 'ya'yansa labarinsa, su ma nasu ne suka rasa.