Lallen Marwa

Ranar Alhamis bayan la'asar, a babban gidan Hajiya Delou da ke unguwar Al-Naseem a Riyadh, kishi ya fara cin Fiddausi, 'yar riƙonta. Ana haɗa akwatunan tafiya Jidda hutun bakin teku, sai Hajiya, wadda jikar sarautar Damagaram ce kuma ba a ja da maganarta, ta ce:

"Ɗakin da ke kallon ruwa, Marwa za a ba."

Marwa 'yar ƙanin Hajiya ce. Yaƙin Sudan ne ya koro ta daga Omdurman, mijinta Buraima kuwa ya ɓace a tarzomar, har an fitar da rai. Fiddausi ta lura Zainulabideen, ɗan baffanta da aka sa musu rana, shi ya ɗauki jakar Marwa da hannunsa.

A Jidda abin ya ƙaru. Kowa na gashin kifi da hawan kwalekwale, Zainu kuwa yana gefen ruwa da Marwa, waya a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa da Larabcin Sudan.

"Ke kina nan kina selfie!" in ji Jamilatu, yayar Fiddausi. "Wallahi Hajiya tausayi zai sa ta juya auren nan. Yau na ga Zainu ya shigo da ƙullin lalle."

"Lalle?"

"Baƙi wuluk, irin na amare. Khalas, shi ke nan, an gama da ke!"

Fiddausi ta leƙa ɗakin Marwa, ta hango ana zana mata lallen, ta shige banɗaki ta sha kuka. Tun zuwan Marwa ba a taɓa ganin lalle a hannunta ba, sai yau! Ta zare zoben baiko, ta nufi ɗakin Hajiya. A corridor ta ci karo da Zainu.

"Lafiya, ƙanwata?"

"Ƙanwarka tana ɗaki mai kallon teku. Je ka taya ta busar da hannu!"

"Fiddausi, ki ba ni zuwa gobe. Amana ce."

"Kullum gobe!"

Ta shiga, ta durƙusa, ta ajiye zoben kan darduma. "Hajiya, in kin sauya shawara, gara in ji daga bakinki."

Hajiya ta dube ta ta saman gilashi. "Wace shawara, ja'ira?"

"Lallen Marwa mana."

Hajiya ta aika aka kira Marwa. Ta shigo da yatsu a buɗe, lallen bai bushe ba.

"Faɗa mata," in ji Hajiya.

"A wajenmu, ya ukhti, 'yar'uwata, mace ba ta ƙunshi in mijinta ba ya nan," in ji Marwa. "Sai in yana hanya. Zainu ne ya yi ta bin sansanonin 'yan gudun hijira a waya har ya gano Buraima a Port Sudan. Gobe jirgin ruwansu zai iso. Ni na roƙe shi ya rufe bakinsa, don sau da dama ana ce mini an gan shi, ya zama ba shi ba."

Fiddausi ta rufe fuska da mayafi. "Ki yafe mini, Yaya Marwa."

"Ɗauki zobenki," in ji Hajiya. "Kishi kumallon mata ne, na sani, amma mai tambaya kafin zargi ba ta zubar da mutuncinta. Kuma ki kira mini Jamilatu!"

Washegari da hantsi Buraima ya sauko daga jirgi, ya rame, yana dogara sanda. Bayan babbar Sallah aka ɗaura auren Fiddausi da Zainulabideen a Riyadh.