Man Shanun Dada

"Maman Zuhair, ki tuna da kyau," likitar ta ce tana duba lanƙwasar hannun ɗana. "A danginki ko na maigidanki, babu mai asma? Babu wanda ya yi kirci yana yaro?"

Zuhair na kan cinyata, watansa tara a duniya, hannuwansa cikin safa don kada ya yage fuskarsa da susa. Kumatunsa sun yi jajir suna tsattsafo da ruwa.

Mijina Abdulrauf ya riga ni amsawa.

"Babu, likita. Man shanu ne mahaifiyata ta riƙa shafa masa."

"Man shanu na iya tayar da shi, tunda jikinsa ba ya karɓar madarar shanu. Amma ba shi ya kawo ciwon ba. Mai tsanani irin wannan yawanci a jini yake, gadonsa ake yi. Ba laifin kowa ba ne."

Ba laifin kowa ba...

Ni dai na san mai laifi, ni ce nan zaune da jaka a hammata.

Har na shekara goma sha biyu a Jahun, Mai-susa yara ke kirana. Duk damina ƙirjina sai ya riƙa fito. Da na girma abin ya lafa, ya bar min tabo a bayan gwiwoyi. Abdulrauf ya taɓa tambayata, na ce ƙunar ruwan zafi ce. Da ma danginsa da ƙyar suka yarda ya auri wadda ba Bafulatana ba, ina ni ina ƙara musu hujja?

Wata huɗu da suka wuce wani likitan ya yi mana wannan tambayar, na ce babu. Muna komawa gidanmu a unguwar Takur, surukata Dada ta karɓi jikanta ta hau shafa masa man shanun da ta kaɗa da hannunta, kamar yadda ake yi wa kowane jariri a gidansu. Abdulrauf ya fizge kwanon, ya ce man nan nata ne ya jawo ciwon. Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ita, ranar ya ɗaga mata murya.

Ina tsaye a ƙofar kicin ina ji. Ban ce uffan ba.

Washegari ta ɗaure ƙunshinta ta koma gidanta a Miga. Tun daga nan abinci bai ƙara yi min daɗi ba.

Yau da muka fito daga wurin likitar, muna shiga mota na riƙe hannun Abdulrauf kafin ya murza makulli.

"Abban Zuhair..."

"Na'am, Masoyiya. Kada ki damu, zai samu sauƙi."

"Ba ƙuna ba ce."

Ya juyo.

"Tabon ƙafata. Kirci ne. Asmar ma na yi. A wurina ya gada... ƙarya na yi maka."

Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Idonsa ya kaɗa.

"Ciwon ba ke kika ɗora wa kanki ba, Mashkura. Amma kina tsaye na yi wa uwata tsawa. Wata huɗu kina kallona."

"Ka yafe min."

"Ba ni za ki roƙa ba."

Bai bi hanyar gida ba. Har muka isa Miga, kukan Zuhair kaɗai ake ji a motar, ni kuma ina ta tunanin ko da aurena zan dawo.

Mun tarar da Dada a gindin darbejiya tana kaɗa nono. Na zube a gabanta na faɗi komai, hawaye na haɗuwa da majina.

Ba ta daina kaɗawa ba sai da na gama.

"Tashi, 'yar nan. Da ba ki da uwa a raye, wa ya yi miki wankan jego?"

"Ke ce, Dada."

"Kwana arba'in ina tsoma ganye ina watsa miki ruwa. Kin zaci makauniya ce ni? Ƙuna ba ta zama dama da hagu iri ɗaya."

Abdulrauf ya durƙusa kusa da ni.

"Dada, kin sani? Kika bar ni na yi miki abin da na yi?"

Ta dube shi, sannan ta kau da kai.

"Ranar ranka a ɓace yake, mai laifi kake nema. Ni ko ka yi fushi da ni shekara goma, ba ka da takardar sakin da za ka miƙo min. Ita kuwa kana da wadda za ka miƙa mata."

Kuka ya ƙwace masa kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ban kuma taɓa son wata mace haka ba.

Ya lalubo hannuna a kan ƙasa ya damƙe.

"Dada ta biya miki, Masoyiya. Ni ne ban san da me zan biya ba."

Dada ta ture ƙwaryar gefe ta miƙe.

"Ku tashi kun cika min gida da kuka. Ke, miƙo min buta da sabulu in wanke maiƙon nan tukuna. Angona ya yi wata huɗu bai ga amaryarsa ba."