Ashana Biyu a Shagon Slone

Ranar da za a yi wa mijina Lonzo tiyatar zuciya, shi da kansa ya kore ni daga asibiti. Wai in na zauna zan hana ma'aikata sakat da masifata, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya ce in je shagon Hobart Slone in sayo masa irin tabarsa ta da. Likita ya hana shi sha, amma bai hana shi shinshinawa ba, kuma ƙamshinta yake son ya fara ji in ya farka.

"Aikin awa shida ne, Vergie," ya ce. "Ki je ki dawo, ba inda za ni."

"Ka ma gwada tafiya ka gani," na ce, na ɗauki makullin mota.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kuma lofe ne ya haɗa mu. Ni a wurin kakata na koyi sha, ba ruwana da masu harara a coci. Tun da Lonzo ya bar haƙar kwal ba mu da wani yawo sai na tsofaffin shagunan taba, daga nan Kentucky har cikin Virginia. Mu shiga, mu buɗe kwalabe, mu yi gardama da mai shago, mu fito da ƙullin da ba ma buƙata. Amma a na Slone muka fara ganin juna, ga shi mun yi shekara goma sha biyu ba mu leƙa ba.

Magariba ta kawo jiki lokacin da na gangaro daga dutse na shiga garin da shagon yake. Titin ba kowa. Banki a rufe, kantin magani an toshe tagoginsa da katako. Shagon Slone kaɗai ke da haske, ɗan ja-ja irin na fitilar kananzir.

Na tura ƙofa. Ƙararrawar da ke sama ta motsa, amma ba ta yi ƙara ba.

Ƙamshin nan ya tarye ni: ganyen taba, zuma, tsohon katako. A ƙarƙashinsa akwai wani abu dabam, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Murhu yana ci a tsakar ɗaki, kujeru bakwai sun kewaye shi, amma sanyi ya shiga har haƙorana.

Slone yana tsaye bayan kanta, da baƙar rigarsa ta kullum. Ya ci a ce ya haura casa'in. Ko furfura ɗaya bai ƙara ba.

A shagonsa kowane tsohon mai ciniki yana da farin lofen yumɓu mai dogon wuya, rataye a ƙusa, da sunansa a ƙasa. In ka zo a sauko maka da shi, in ka gama a mayar. Ranar da ka mutu, Slone ya karya wuyan ya sake ratayewa. Maza sukan yi masa tsiya wai labari yana riga waya zuwa wurinsa. Lofe sun fi sittin a bangon nan. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, duk a karye. Biyu kawai suka rage da wuyansu, nawa da na Lonzo.

Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juya a hankali, ya miƙa hannu, ya sauko da na Lonzo. Ya riƙe wuyan tsakanin manyan yatsunsa biyu.

"Mista Slone, mijina da ransa."

Ya dubi agogon bango. "Saura kaɗan, 'yar nan," ya ce can ƙasa-ƙasa. Leɓɓansa sun motsa bayan maganar ta riga ta fito.

A nan na gane ba labari ke riga waya ba: shi ke fara karyawa, sannan mutum ya mutu. Kakata tana kiran irinsu mutanen ɓoye, ta ce gudu ba ya raba ka da su, amma ba sa iya taka dokar da suka kafa da bakinsu. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Sai dai haushi ya fi tsoron yawa. Mutumin da na yi shekara arba'in ina wanke wa baƙin kwal daga wuyan riga, wannan busasshen tsoho zai karya min shi ina kallo?

Dokar shagon tana nan a allo bisa kanta, da rubutun hannun Slone: lofen da ke ci ba mai taɓa shi sai mai shansa.

"Cika min shi," na ce. "Matarsa ce ni, ina da iko. Irin na gasa, da ashana biyu."

Duk watan Oktoba Slone yakan shirya gasar jan lofe: a auna wa kowa taba giram uku, a ba shi ashana biyu da ɗan katakon dannawa, wanda wutarsa ta fi daɗewa shi ya ci. Sau huɗu ina kunyata mazan garin nan. Awa ɗaya da minti goma sha biyu na taɓa yi.

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya auna, ya turo min. Na murza ganyen a tafin hannu, na cika a hankali, sako-sako a ƙasa, da ɗan ƙarfi a sama.

Na ƙyasta ta farko. Wani ya hure ta daga bayan kunnena.

Ba kowa a bayana.

Na juya wa ɗakin baya, na kare ta biyu da hannu da rigar sanyina. Ta kama. Na ja sau uku, na ga garwashi ya yi ja.

Kujera ta yi ƙara a gefen murhu. Sai ta biyu. Sai duka bakwai suka fara lilo, ba kowa a kansu. Na ji ƙamshin taba mai ceri irin ta Dewey Combs, wanda ramin kwal ya rufta da shi tun ina amarya. Na ji ana tsotsar karyayyen yumɓu, fiit, fiit, ba hayaƙi. Duk tsotsa ɗaya, wutata ta dushe kaɗan.

Na ja a hankali. Mai gaggawa shi ke fara fita a gasa. Ja kaɗan, saki, ƙirga goma, danna toka.

Minti ashirin. Arba'in. Ƙoƙon yumɓu ya ɗau zafi, yatsuna suka fara ƙonewa. Ban saki ba.

Slone ya jingina da kanta yana jira. Ya san lissafin da na sani: taba giram uku ba za ta kai ƙarshen tiyata ba. Saura awa biyu a can, ni kuwa saura minti ashirin in na yi sa'a. Ba a taɓa fita da lofe daga shagon nan ba. Amma wannan al'ada ce kawai, ba ta kan allo.

Na fara ja da baya. Taku goma sha biyu ne zuwa ƙofa.

Kujerun suka tsaya cak.

Taku huɗu. Sanyi ya taru a bayana, kamar na jingina da ƙofar firij.

Taku bakwai. Sai na ji muryar Lonzo, daga kujerar ƙarshe, a gajiye, irin yadda yake magana in ya fito daga rami.

"Vergie. Na gaji. Ajiye shi haka nan."

Hawaye suka zubo min. Muryarsa ce, har da ɗan tarin nan nasa. Magana tana kashe wuta, duk ɗan gasa ya san haka, shi ya sa suke so in buɗe baki. Na datse wuyan lofen da haƙori na amsa ta gefe.

"Ka zo gida ka gaji."

Taku goma. Hayaƙin ya yi ɗaci, alamar an kai ƙasa. Garwashin bai fi ƙwayar gero ba.

Slone ba ya bayan kanta.

Yana gabana. Hannunsa a buɗe, tazarar yatsa ɗaya daga ƙoƙon. Ba ya numfashi. Ƙasa ce a cikin faratansa.

Na laluba bayana na kama mariƙin ƙofa. Na ja na ƙarshe, na tara hayaƙin a baki, na fesa masa a fuska.

Na faɗa waje da baya. Haƙorana suka haɗu, na ji ƙas.

Ina kwance a kan titi, na tofar da abin da ke bakina. Ɗan guntun bakin lofen ne, bai kai farce ba. Sauran wuyan yana nan lafiya a hannuna. Shagon ya yi duhu, katako a tagogi, kwaɗo mai tsatsa a ƙofar da na fito ta cikinta yanzun nan.

Matar gidan mai da ke bakin gari ta ba ni ƙanƙara na sa a yatsu. Ta ce shekara tara ke nan da binne Slone. Na daɗe a wurinta kafin waya ta shigo daga asibiti. Zuciyar Lonzo ta tsaya minti huɗu, in ji likita, sannan ta tashi, su ma ba su san yadda aka yi ba.

Ya farka da safe yana neman kofi. Na kai masa lofen hanci, ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ce ba ya jin komai. Har yau ba ya jin ƙamshin komai. Abin da guntun nan ya tafi da shi ke nan, kuma na yafe.

Da ya samu sauƙi na koma garin ni kaɗai da tsakar rana, na leƙa ta tsakanin katako. Ƙura ta rufe ko'ina. Ƙusata ba komai a kanta. Lofena yana kan kanta, an goge shi tas, an ajiye shi daidai inda Slone ke tsayawa.

Kullum da yamma yanzu ina zama a baranda da agogo, Lonzo yana duba min lokaci, yana tsammani gasa nake shirin shiga. Na kai awa ɗaya da minti talatin da ɗaya. Ashana biyu ba sa barin aljihuna, ko coci za ni. Ranar da tsohon nan ya shirya, sai ya fara auna min giram ukuna.