Likitar Da Ta Duba Iya

"Matsa min daga hanya, Abdulbaqi!"

Ya ƙi matsawa. Yana tsaye a ƙofar ɗakin gwaji na asibitin da yake aikin jinya a Gumel, ni kuma so nake in shiga in fitar da Iya.

"Juwairiyya, Iya jini take zubarwa ta ciki. Likita Hidaya ce kaɗai ta iya na'urar nan..."

"Budurwar taka? Mansura ta gan ku a Maigatari, likitar tana gaban motarka tana ƙyalƙyala dariya!"

Mansura 'yar kawuna ce, kuma na san ta daɗe tana son shi. Amma hotonsu da ta turo min ai ba ƙarya ba ne. Har Kawu ya ce a dakatar da maganar aurenmu.

"Baƙuwa ce daga Kano, asibiti ya sa ni in kai ta kasuwa. Wallahi masoyiyata..."

"Kar ka sake kira na haka!"

Sai Iya ta yi tari daga kan gado. Tun daga Gagarawa take aman jini, an zura mata kyamara a ciki ba a ga komai ba. Na kalli mahaifiyata, na yarda a yi gwajin.

Likitar ta shigo. Doguwa, kyakkyawa... zuciyata ta ƙara tafasa.

"Za mu yi mata allurar wani ruwa mai launi, mu kunna hasken infrared. Ido ba ya ganin sa, amma jijiyoyin jinin da suka ɓuya a bangon ciki za su fito a allo."

Ta gilashin ƙofa nake leƙe. Kafaɗarta dab da tasa, tun kafin ta miƙa hannu ya san abin da take so. Ina yi wa Iya addu'a, ina jin kamar in fasa gilashin.

Can ta nuna allon da yatsa. Ta gano jijiyar, ta ɗaure ta.

Da ta fito, ta ja ni gefe.

"Ke ce Juwairiyya? Ba zan ɓoye miki ba, na so shi. Na nema masa aiki a Kano ma. Ya ce akwai wata rigimammiya a Gagarawa da ba ya iya yini bai ji muryarta ba."

Kunya ta rufe ni.

Na same shi yana gyara wa Iya bargo.

"Ni ce rigimammiya?"

"To wace ce, zumata?"

Iya ta buɗe ido da ƙyar. "Ku je waje ku ƙarasa. Kawunki kuma ni zan same shi."

Bayan sallah aka ɗaura aurenmu. Likita Hidaya ta aiko min da atamfa. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma har yau tana ƙasan akwati.