Kwanon Miyar da Tibor Ya Kawo

Ranar da aka bugo wa Piroska waya daga asibiti cewa mahaifinta ya cika, ba ta yi kuka nan take ba. Zama ta yi a kicin, zuciyarta ta koma wata Asabar a kasuwar gwanjo ta Ecseri, shekara goma sha tara baya.

Tana tsaron rumfar mahaifin nata, Baba Lajos, ta tsofaffin tangaran, sai wani dogon saurayi ya ɗauki kofin shayi, ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ya kara a kunne.

"Saye za ka yi, ko hira kuke?" in ji ta.

"Ya ce mini shekararsa ɗari."

"Ƙarya yake. Juya gindinsa ka ga hatimi, ko hamsin bai kai ba."

Ya yi dariya, ya biya ba tayi. Sunansa Bálint, mai gyaran fiyano. Asabar bakwai ya jera yana zuwa, kullum sai ya tafi da kofi.

"Piri tawa, kofuna sun kai bakwai, ni kuma baki ɗaya gare ni. Ki taimaka," ya turo mata a waya.

"Sarkin kunne, ka koyi tayi. Baba ya fara kiranka wawan kasuwa."

Da maganar aure ta taso, Baba ya kafe.

"Wanda bai iya tayi ba, shi zan ba 'yata? A wata guda zai sayar da mu har da rumfar. Ga Tibor nan, ɗan sana'a, mai shago a cikin gari. Ki auri mai fiyanonki in kin so, amma ba da bakina ba."

Tun tana ƙarama uwarta ta rasu, shi ya raine ta. Ba za ta iya aure babu albarkarsa ba.

Akwai kuma abin da take ɓoyewa: kunnen Baba ya yi nauyi. A sana'arsu kuwa kunne ne jari. Lafiyayyen tangaran amo yake kamar ƙararrawa, wanda ya tsage aka liƙe muryarsa a dakushe take. Baba yana ƙwanƙwasawa ne kawai ya gyaɗa kai don kada a gane.

Wata Asabar Tibor ya kawo babban kwanon miya mai murfi, fari tas da zanen inabi.

"Daga gidan wata tsohuwar attajira ya fito, Baba. Kai kaɗai zan bar wa."

Baba ya ƙwanƙwasa. Kwanon ya ce ƙwas. Piroska ta ji muryar a dakushe, ta gane liƙe shi aka yi.

"Ka ji amo!" in ji Baba. "Gobe ka zo mu ƙarasa."

Bálint yana tsaye da soyayyen burodin langosh a hannu, bai ce uffan ba.

"Ka ji abin da na ji, ka yi shiru? Ashe soyayyar ta kofi ce," ta rubuta masa da yamma.

"Da na yi magana, da duk Ecseri ta san sirrinsa. Ki bar ni da gobe, tsuntsuwata."

Washegari Bálint ya riga Tibor zuwa, da kofi guda a aljihu.

"Baba, ara mini yatsunka."

"Me kuma za ka yi da su, wawan kasuwa?"

Ya ɗora yatsun tsohon a gefen kofin, ya ƙwanƙwasa. Kofin ya daɗe yana kyarma. Ya mayar da su kan kwanon da Tibor ya bari a rumfar, ya sake ƙwanƙwasawa. Babu kyarma, kamar an taɓa dutse.

Baba ya gwada da kansa har sau uku. Can ya ɗago.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kofi na biyu."

"Wa ka gaya wa?"

"Ko ita ban gaya wa na sani ba."

Piroska ta juya baya tana goge farantin da ba ƙura a kansa.

Da Tibor ya iso, Baba ya ƙwanƙwasa kwanon a gaban maƙwabta.

"An yi wa wannan ɗori, yaro. Ni za ka kawo wa gurgu?"

Tibor ya sulale, ko kwanon bai waiwaya ba.

A watan Mayu aka ɗaura auren, rabin kasuwa ta rufe rumfa ta zo. Baba ya dafa kawunansu.

"Allah ya sa ku tsufa tare, ya ba ku zuri'a mai albarka. Amma Piroska, ke za ki riƙa zuwa cefane."

Ya miƙa musu kwanon nan a matsayin gudummawa. Da yatsunsa ya ci gaba da sana'a har ƙarshen ransa, ba wanda ya taɓa ganewa.

Kwanon ba ya riƙe miya, sai Piroska ta shuka na'a-na'a a ciki. Har yau kullum da safe takan ba ta ruwa, ta jira ya gama ɗiga ta tsagar, sannan ta goge bakin taga.