Wasiƙar Konde na Farko

Ranar Lahadi ce, an gama cin gasasshen naman rago da dankali, Cecily ta ajiye cokali ta ce, "Dadi, ni fa Anselmo zan aura."

Mahaifinta, Wilmot Carrow, ya ɗago kai a hankali. "Wane Anselmo? Kafintan nan ɗan Sifaniya da ya gyara mana matakala?"

"Shi ɗin."

"Kin kuwa san ko ke wace ce? Shekara ɗari biyu sarautar Konde na Robledal tana gidan nan! Sarkin Sifaniya da kansa ya naɗa kakan kakana saboda jarumtarsa a yaƙi. Ke kaɗai na haifa, kanki za ta faɗo. Sai ki kai mana ita shagon katako?"

Kaka Winifred ta yi dariya har da tari. "Kai Wilmot, sarautar da ko gonar albasa ba ta da ita? Kai da ko gaisuwa ba ka iya da Sifaniyanci ba!"

"Mama, ki bar ni da 'yata!" Ya juya ga Cecily. "In kin aure shi, Rupert ɗan ƙanena zan miƙa wa sarautar, ke kuma kin bar gidan nan ke nan."

Sarautar ba ta dami Cecily ba. Abin da ya soke ta shi ne mutumin nan ne ya raine ta shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta, har kitso ya koya dominta. Ta isa shagon Anselmo idanunta jawur.

"Mu je kotu kawai a ɗaura, ni na gaji!"

Ya ajiye zarto ya goge hannu. "Ba zan raba ki da mahaifinki ba, Cecily. Nawa ya rasu muna fushi da juna, har yau abin yana cina. Mu jira."

Suka jira shekara guda da wata biyar. Ba ta rabu da Anselmo ba, ba ta kuma daina haɗa wa mahaifinta shayin safe ba, ko da yake wani lokacin ko kallonta ba ya yi.

Da ya ga ba za ta sauya ba, sai ya fara tattara takardun da zai aika Madrid don a mayar da gadon kan Rupert. A ƙasan akwatin ya tarar da wata tsohuwar wasiƙa da rubutun hannun Konde na farko, da Sifaniyanci. Duk garin mutum ɗaya ne zai iya karanta ta. Dole ta sa ya aika a kira kafinta.

Suka shige ɗakin karatu aka rufe ƙofa. Cecily tana tsaye a waje tana jira. Da Anselmo ya fito ta tare shi.

"Me ke ciki?"

"Tsakanina da shi ne."

"Har ni za ka ɓoye wa?"

"Har ke. Sirrinsa ne, ba nawa ba."

Kwana uku ba ta kula shi ba don haushi. Kwana ukun nan kuma mahaifinta bai iya cin abincin kirki ba. A na huɗu ya tara su a teburi.

"Matar Konde na farko ba 'yar sarauta ba ce kamar yadda aka gaya mana. 'Yar wani mai alfadari ce. Ita da ubanta suka ɗauko shi daga filin yaƙi jina-jina, suka yi jinyarsa wata huɗu. Ya rubuta cewa in ba don su ba, da babu sarautar, babu mu. Ya roƙi jikokinsa kada su manta da ita, mu kuwa har sunanta muka goge." Ya share ido. "Yaron nan ya samu sandar dukana a hannunsa, amma ko ke bai gaya wa ba. Cecily, ki yafe mini."

Ta durƙusa ta rungume shi tana kuka.

"To madalla," in ji Kaka Winifred. "A yi bikin da wuri, ni ba yarinya ba ce!"

Da bazara aka ɗaura aure a cocin garin, Wilmot da kansa ya riƙo hannun 'yarsa ya miƙa ta.

Asali abin riƙewa ne, amma mutanen kirki ne suke kafa shi tun farko. Wanda kuma ya yi haƙuri da iyayensa bai taɓa yin asara ba.