Injiniya A Teburin Ajin Ƙarshe

Wallahi ko na yi ta rantsuwa har gobe ba za ku yarda ba. Ni da na taɓa sayar wa maƙwabcinmu batirin motarsa har ya yi mini godiya, wai wata 'yar mitsitsiyar ɗaliba ce ta tona mini asiri!

A falon su Malama abin ya fara. Malama ita ce wadda nake so kamar raina, tana koyar da lissafi a makarantar kwana da Abbanta ke shugabanta. Na je gaisuwa, Ummanta ta tambayi sana'ata. Gyaran wutar lantarki nake yi, tun aji huɗu na tsere daga sakandare, amma bakina ya riga ni: "Injiniya ne, Umma."

Saura kaɗan Malama ta saki tiren ruwa.

Abba ya dube ni ta saman gilashi. "Madalla! Gobe ka zo ka zauna da 'yan ajin ƙarshe. Jami'a za su, suna bukatar irinka."

Malama ta rako ni ƙofa tana hawaye. "Don Allah ka koma ka faɗi gaskiya! Abba yana yafe jahilci, ba ya yafe ƙarya. Ɗan ƙanwarsa ma ya kora kan satar amsa, har yau Gwaggo ba ta gaishe shi."

"Haba, yara ne fa! Turanci zan zuba musu su ruɗe."

"Ba ka san makarantarmu ba. Ba a hadda a can. Teburi ne zagayayye, malami da ɗalibi kujera iri ɗaya, duk abin da ka faɗa sai an ce, ta yaya ka sani? In ya kama ka, shi ke nan, mun rabu."

Na koma gida ina saƙa da warwara. Amma ni ne fa! Washegari na yi sammako, na zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje, na buɗe akwatin wuta na sassauta waya ɗaya. Ba wuta, ba majigi, ba lacca.

Ina zama na ga fanka a tsaye, majigi ya ƙi kamawa. Na miƙe da fuskar takaici. "Kash! Sai wani jiƙon."

"Zauna," in ji Abba. "A nan matsala ita ce darasi. Ga injiniya Allah ya kawo mana. Ku bi shi, ku tambaye shi."

Suka biyo ni kamar 'yan rakiyar gawa. Zufa ta jiƙe kwat ɗin da na aro. Malama na can baya, ta toshe baki da mayafi. Tsoro ya hana ni ko yin kamar ina nema, na nufi akwatin kai tsaye na ɗaure wayar. Wuta ta dawo, aka ɗau tafi! Har na fara ɗaga kafaɗa.

Sai 'yar mitsitsiyar nan ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, akwatunan wuta sun yi yawa a makarantar nan. Ba ka gwada komai ba. Ta yaya ka san wannan ne?"

"Ƙwarewa, ƙanwata."

"To, ta yaya ka san wayar, tun kafin ka haska tocila?"

Na nemi ƙarya ko guda, duk sun gudu sun bar ni. Na dubi Malama, hawaye shaɓe-shaɓe, ta gyaɗa mini kai.

"Ni na kwance ta," na ce. "Kuma ni ba injiniya ba ne. Aji huɗu na tsaya."

Abba ya cire gilashi. "Da ka ƙara ƙarya ɗaya, da ka fita daga gidana har abada. Ke kuma, 'yata?"

"Zan jira shi, Abba, ko shekara nawa ne."

"To, ya sami kujera. Kullum in ya tashi aiki, a teburin nan zai zauna har ya ci jarrabawa. Sannan a yi maganar aure."

Ga ni nan yau, ƙato da gemu, 'yar mitsitsiyar ce monitata. Haƙurin Malama ya saya mini abin da wayona ya kusa ɓatarwa. Samari, ku faɗi iya abin da kuka sani, don wata rana za a ce muku: ta yaya ka sani?